Lemar Arlinda

Katifa ta goma sha bakwai Arlinda ke ja zuwa cikin aji sa'ad da rediyon da ta ɗora kan taga ya katse kiɗa ya sake karanto sanarwar. Guguwar da jiya ake yi wa kallon iska ce kawai ta ƙara ƙarfi a cikin teku, ta haukace, kuma ta miƙo kai tsaye zuwa tsibirin São Nicolau. Ana sa ran bakinta zai taɓa gaɓa da misalin ƙarfe uku na yamma. Duk wanda gidansa ke bakin teku ko cikin kwari, ya tashi ya koma makaranta mafi kusa.

Ta saki katifar ta dubi agogon hannunta. Tara da kwata. Tun ƙarfe shida ta buɗe ƙofar makarantar nan da take shugabanta, ta tura tebura jikin bango, ta ware aji ɗaya don mata masu goyo, ɗaya don tsofaffi. A kan allo ta rubuta sunayen gidaje goma sha tara da ke cikin kwarin Tamarindo, kowane gida da adadin mutanensa, ta ja layi a gefe inda za ta riƙa sa alama idan sun iso. A bayan makaranta babbar tukunyar kacupa na tafasa, masara da wake da ɗan kifi, wadda za ta ƙosar da mutum saba'in. Amma har yanzu abin da ya shigo ta ƙofar nan akuya ce guda ɗaya, ita ma leƙawa ta yi ta juya.

Wayarta ta yi ƙara. Ƙaninta ne Adilson, daga Rotterdam can Turai.

"Linda, kin fito da Papá?"

"Ina kwana, Adilson. Lafiya lau na tashi, na gode da tambaya."

"Ki bar wasa. Ina kallon abin nan a waya, ya fi tsibirinmu girma sau hamsin. Ki je ki ɗauko shi yanzu."

"In ɗauko shi? A kai zan ɗora shi ko goya shi zan yi? Jiya sau biyu na sauka kwarin nan. Kai ka kira shi mana, ai ɗansa ne kai."

"Na kira."

"Me ya ce?"

"Ya ce me ya sa bana ban aiko da gangar kaya ba."

Ta kashe wayar ba tare da sallama ba. Ta je ta rage wutar tukunya, ta ƙara ɗaure ɗankwalinta, ta kama hanyar dutse da ke gangarawa cikin kwari. Tafiyar minti ashirin ce, kuma gwiwarta ta hagu ta san kowane mataki a cikinta.

Shekara uku ke nan rafin Tamarindo bai ga ruwa ba. Ya zama yashi da duwatsu, yara sun kafa ragar ƙwallo a tsakiyarsa, manya sun gina garken awaki a gefensa. Ruwan sha a motar tanki yake zuwa sau ɗaya a mako, a yi layi a yi faɗa. Amma yau kwarin kamar ranar biki. A ƙofar kowane gida an jera shuɗɗan gangunan nan da 'yan'uwa ke aiko da kaya a ciki daga Turai, an wanke su an buɗe bakinsu sama. An fito da robobi da tukwane da kwanonin wanki, har da bahon wankan jariri. Wani ya kwantar da mataccen firiji a bayansa ya cire murfin. An kware kwanon rufin garke an jingina shi da bango don ya tattaro ruwa ya zuba a ganga. Wani gida an kunna kiɗa.

Nha Bibinha, maƙwabciyar mahaifinta, mace mai jiki da murya, ita ta fara hango ta.

"Jama'a, ku rufe sama! Ga mai lema nan ta sauko!"

Aka fashe da dariya daga gida zuwa gida. Arlinda ta haɗiye abin da ya taso mata. Shekara uku da suka wuce, a ƙarshen Agusta, hadari ya haɗu aka fara yayyafi, mutane suka fito suna rawa a cikinsa kamar yadda aka saba. Ita kuwa tana dawowa daga gari rungume da sababbin littattafan yara, sai ta buɗe lema don kada su jiƙe. Ba a yi minti biyar ba ruwan ya ɗauke, hadari ya watse, bai sake dawowa ba. A Tamarindo ba a yi wa ruwan sama lema, ba a gudu a cikinsa, ba a kushe shi. Baƙo ne mai wuyar zuwa, mai saurin fushi. Tun ranar ta rataye lemar a bayan ƙofar aji ba ta ƙara taɓa ta ba, amma sunan ya bi ta.

"Ina kwana, Nha Bibinha."

"Lafiya lau, Profesora malamar yara. Ɗaga hannuwanki in gani. To, babu komai, an yarda ki wuce."

"Nha Bibinha, kwanon nan da kika jingina, idan iska ta ɗauke shi kan mutum zai iya cirewa. Gangunan nan ma babu komai a cikinsu, tashi za su yi kamar takarda."

"Shi ya sa muke so su cika, su yi nauyi."

"Ba za su kai ga cika ba. Don Allah ki tattara jikokinki ku hau makaranta. Na shimfiɗa katifu, na dafa abinci."

"Ɗazu motar hukuma ta zo da lasifika ta faɗi duk wannan, har da abin da ya fi shi daɗi. Muka ba direban kofi ya tafi. Ke dai je ki wajen babanki. In Nhô Tibúrcio ya tashi, mun tashi."

Gaskiya ta faɗa, kuma Arlinda ta san haka. Mahaifinta, Nhô Tibúrcio, shekararsa saba'in da takwas, shi ne mai rabon ruwa na kwarin tun kafin a haife ta. Akwai magudanar dutse da ke ɗauko ruwan rafi ta kai shi gonaki, shi ne ke cewa yau na gidan wane ne, gobe na wane. Shekara uku ba shi da abin rabawa, amma har yanzu idan ya zauna kwarin ya zauna, idan ya miƙe kowa ya miƙe.

Ta same shi a bakin magudanar, cikin rafin kansa, ya naɗe ƙafafun wando yana kwashe duwatsu da hannu.

"Papá, sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka. Miƙo mini fartanyar can."

Ta miƙa masa. Ta tsaya ta daidaita numfashinta, ta yi magana a hankali kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya.

"Papá, wannan ba ruwan da ka sani ba ne. Guguwa ce. Iskarta tana tumɓuke bishiya, tana ɗaga kwale-kwale ta ɗora shi kan titi. Tun jiya take ƙara ƙarfi."

"Da ruwa a cikinta ko babu?"

"Papá..."

"Tambaya na yi, Profesora. Ke ma haka kike yi wa yaranki."

"Akwai. Sun ce ruwan shekara guda zai sauka cikin awa shida."

Ya ɗago, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da jika.

"Ruwan shekara guda! Madalla. Saura na shekara biyu."

Ya nuna mata gonakin da ke hawa-hawa a jikin tudu, kowace da katangar dutsenta. Kwana tara da suka wuce ya yi binne a busasshiyar ƙasa, rami-rami, ƙwaya huɗu-huɗu. Farar masarar nan ce da mahaifiyarta ta riƙa zaɓar irinta shekara da shekaru kafin ta rasu. Abin da ya rage a gwangwani ke nan, ya juye shi duka.

"Idan rafi ya sauko babu mai buɗe bakin magudanar nan a kan lokaci, wuce mu zai yi ya tafi teku. Teku ruwa ta rasa?"

"Rafin zai cika ya hau gidanka."

"A gidan nan aka yanke mini cibiya. Na ga rafin nan ya cika tun ina gudu ba wando. Bai taɓa wuce gindin tsamiyar can ba."

"Bai taɓa ba, amma yau zai wuce. Mutum saba'in ne a kwarin nan, Papá, kuma kai suke kallo. Akwai jarirai."

"Jarirai ba sa shan ruwa?"

A nan haƙurinta ya tsinke. Ita da ta shekara ashirin da biyu tana koyarwa ba a taɓa jin muryarta daga ajin da ke kusa ba, sai ga ta tana ihu a cikin rafi.

"A kan masara za ka mutu? A kan gwangwanin masara za ka kashe mutane?"

Kiɗan da ke tashi daga gidan sama ya tsaya. Matan da ke wanke tukwane suka juyo. Tsohon ya dube ta na ɗan lokaci, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauki wani dutse.

"Rage murya," ya ce. "Kin kore shi sau ɗaya. Ya isa."

Duk shekarun nan uku da ake tsokanarta, bai taɓa sa baki ba. Ta tsaya kamar wadda aka mara. Ta juya ta kama hanyar tudu, babu wanda ya yi mata dariya a wannan karon, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

Sha ɗaya ta wuce kafin ta iso makaranta. Rediyo na nan yana magana shi kaɗai a cikin aji. Guguwar ta sake ƙara ƙarfi, ta kuma ƙara sauri, yanzu ƙarfe biyu ake cewa. Daga harabar makaranta ana hango teku. Ta canza launi ta koma kamar toka, igiyoyinta na tsallake katangar bakin gaɓa suna watsuwa kan titi. Masunta tun safe suka jawo kwale-kwalensu har ƙofar coci suka ɗaure. Su ba sai an yi musu bayani ba. Mutanenta ne kawai, manoman kwari, ba su da wurin ajiye maganar cewa ruwa zai iya zama abin gudu.

Ta shiga ajin ta dubi allo. Sunaye goma sha tara, babu alama ko ɗaya. Ta ɗauki alli ta jefar da shi jikin bango. Sa'an nan, da yake ita ce, ta sunkuya ta tsince gutsattsarin ta mayar cikin gwangwani.

Ta fita bayan makaranta don ta duba tukunya, sai idonta ya faɗa kan bututun. Rufin makarantar nan na siminti ne, shimfiɗaɗɗe, babu mai faɗinsa a duk yankin. Indararonsa huɗu suna haɗuwa cikin wani farin bututu mai kauri da ke saukowa jikin bango ya shiga tankin ƙasa. Shekara biyu ta yi tana rubuta wasiƙu, tana hawa mota zuwa gari, tana zaman benci a ofisoshi kafin a sa shi. Ranar da aka gama har hoto ta ɗauka da shi. Ko ɗigo ɗaya bai taɓa bi ta cikinsa ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta zagaya gaba, inda tsohon ƙarfen tayar mota ke rataye a matsayin ƙararrawa, ta ciro sandar ƙarfen da ake buga shi da ita. Ta dawo ta tsaya a gaban gwiwar bututun, inda yake lanƙwasawa ya shiga tanki. Ta waiga, babu kowa. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ɗaga sandar da hannu biyu.

Bugun farko ya zame. Na biyu ya tsaga shi, wani ɓari ya faɗo. Ta ƙara na uku.

Saukarta ta biyu ta fi ta farko wuya. Sama ta yi wani irin rawaya-rawaya, zafi ya danne ko'ina, can sai iska ta taso ta kaɗa ƙura ta sake kwantawa. A hanya duk garken da ta wuce sai ta zare sakatarsa ta bar ƙofar a buɗe. Awaki ba su yi mata gardama ba, suka nufi tudu.

Mahaifinta yana nan inda ta bar shi. Nha Bibinha ta kawo masa kofi tana tsaye a kansa.

"Papá, bututun makaranta ya fashe."

Ya ajiye kofin.

"Wane bututu?"

"Na rufi. Wanda ke kai ruwa tanki. A gwiwa ya fashe."

"Tun yaushe?"

"Yanzu na gani."

"Yanzu kika gani!" Ya miƙe tsaye, bai ko dafa ƙasa ba. "Shekara nawa kina kwana kina tashi a makarantar nan, sai yau da ruwa ke hanya kika gani? Kin san abin da rufin nan zai tara? Rufin Bibinha, da nawa, da na coci, a haɗa su ba su kai rabinsa ba. Duk zai zube a ƙasa ke nan?"

"Ni ban iya gyara ba, Papá. Aikin takarda na iya."

"Takarda!" in ji Nha Bibinha, ta tafa hannu. "Wancan karon kin kore shi, wannan karon zubar da shi za ki yi. Wai me ruwa ya yi miki ne, 'yar nan?"

"Ko an ɗaure ma ba lallai ya riƙe ba," Arlinda ta ce, idonta a ƙasa. "Indararo huɗu ne. Da akwai ganguna da sai a tara a ƙarƙashinsu. Kafin ki ƙirga ɗari ɗaya ta cika, a janye a sa wata. Sai dai aikin yana son hannuwa da yawa."

Nha Bibinha ta juya ta dubi ɗan rufin gidanta da bai fi tabarma uku ba, da gangunanta biyar da ke jiran sa.

Tsohon ya dubi bakin magudana, ya dubi tudun makaranta, ya dubi sama. Arlinda na ganin yadda abin ke jan sa gida biyu.

"Rafi ba ya saukowa sai ruwa ya yi awa guda a kan dutse," ya ce a ƙarshe. "In gyara in dawo. Ɗauko mini robar taya da waya a bayan ƙofa. Bibinha, gaya wa mutane duk mai ganga ya hau da ita. Ba za a zubar da ruwa ina da rai ba."

Abin da lasifikar hukuma da rediyo da roƙonta na kwana biyu suka kasa, maganar nan ta yi shi cikin minti goma. Hanyar dutse ta cika da shuɗɗan ganguna a kan kawuna da bayan jakuna. Mata suka goya jarirai don babu mai barin gangarsa ga maƙwabci. Aka ɗora Nha Txica, tsohuwar da ba ta gani, a kan jaki, rungume da tukunyarta, don ta rantse ba za a ci rabonta ba. Duk wanda ya wuce Arlinda sai ya yi mata tsiya a kan bututu. Ta riƙa amsawa da "haka ne, laifina ne," tana ƙirga kawuna a zuciyarta.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta sa alama ta goma sha tara a kan allo. 

Ruwan ya fara da manyan ɗigo masu ɗumi. Wani ya yi guɗa, harabar makaranta ta kaure. Tsofaffi suka cire huluna, mata suka ɗaga fuska sama suka buɗe baki, Nha Bibinha ta kama wani dattijo suka shiga juyi. Nhô Tibúrcio na durƙushe jikin bango yana naɗa robar taya a gwiwar bututu yana ɗaurewa da waya. Da ruwan ya fara gudu a ciki ya kara kunnensa jikin bututun ya lumshe ido. Arlinda na tsaye a baranda, ita ma sai da ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, wanda ta kusa mantawa.

Ba a yi minti ashirin ana rawar ba. Iskar ta zo lokaci guda, kamar an buɗe mata ƙofa. Ta ɗaga wata ganga da ba ta cika ba ta yi sama da ita ta jefa bayan katanga. Ruwan ya daina saukowa daga sama, ya koma zuwa daga gefe yana dukan fuska kamar tsakuwa. Wani fallen kwano da ya taso daga can ƙasa ya ratso harabar yana juyi, ya wuce tsakanin mata biyu ya kafe a jikin ƙofar ofis. Babu wanda ya jira a ce masa ya shiga ciki.

Arlinda na tura na ƙarshe cikin aji sai ta ga mahaifinta ya ɗauki fartanyarsa ya nufi ƙofar fita, a sunkuye, yana dafa bango. Ta ruga ta riga shi, ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa.

"Matsa, Linda. Lokaci ya yi."

"Ba zan matsa ba."

"Magudana tana rufe! Masarar uwarki!"

"Sai dai ka taka ni ka wuce."

Ya ɗaga hannu zai ture ta, iska ta maka su duka biyun jikin katanga. Ta riƙe rigarsa da hannu biyu. Yana zaginta, ba ta jin kalmomin, iska na kwashe su daga bakinsa. Sai kuma ya daina. Ya juya kansa wajen dutse.

Ita ma ta ji. Wata ƙara ce daban da ta iska, daga ƙasa take zuwa, kamar manyan motoci da yawa na gangarowa babu birki. Awa guda ba ta cika ba, ko rabinta ma ba a yi ba.

Daga inda suke, ta kan katanga, ana ganin kwarin a duk lokacin da labulen ruwa ya ɗan yaye. Rafin ya sauko da tsayin mutum biyu, jajawur, yana mirgino duwatsu masu girman ɗaki. Ya haɗiye ragar ƙwallo. Ya bi ta kan bakin magudanar, daidai inda tsohon ya wuni a tsugune, kamar babu komai a wurin. Ya kai gindin tsamiya, ya wuce. Katangun gonaki suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ƙasar da ke bayansu tana zubowa da abin da aka binne a cikinta. Da labulen ya sake yayewa, tsamiyar ta kwanta, kuma bangon gidansu na gabas babu shi.

Fartanyar ta faɗi daga hannunsa. Ta ja shi, ya biyo ta ba musu.

A cikin aji duhu ya yi kamar magariba, alhali ƙarfe huɗu ba ta yi ba. An rufe tagogin katako an tokare su da benci. Ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, an ɗage katifu kan tebura an ɗora yara a kai. Rediyo ya mutu. Wasu mata na jan addu'a ƙasa-ƙasa. Arlinda ta bi kowa da kwanon kacupa, ta sake ƙirga su, saba'in da ɗaya har da ita. Nha Bibinha ta karɓi nata, ta riƙe hannun Arlinda ɗan lokaci kafin ta saki.

Mahaifinta na zaune a kan kujerar 'yan aji ɗaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ta ajiye masa abinci a gabansa, ta tsuguna tana goge masa kai da ɗankwalinta. A bayan bango ana jin tanki ya cika yana ambaliya.

"Ɗaurin ya riƙe," ta ce.

"Zai riƙe mana." Sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Sau uku kika buga. Na biyun ne ya fasa. Na ukun haushi ne kawai."

Hannunta ya tsaya a kansa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun da na durƙusa a gabansa. Bututu ba ya fashewa da kansa ya bar sawun ƙarfe."

"Amma ba ka juya ba."

"Ko wa ya fasa, ruwa zai zube."

Ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba, sai ta ci gaba da goge masa kai. Iska ta sake dukan ginin, tagogi suka yi ƙara, wani jariri ya tsala kuka. Ruwan bai nuna alamar ragewa ba. A can ƙasa har yanzu ana jin rafin yana niƙa duwatsu, kuma akwai sauran gidaje a tsaye da bai kai gare su ba tukuna.

Tsohon ya ɗaga kai. Idonsa ya tsaya a bayan ƙofa, inda wata baƙar lema ke rataye a ƙusa, ƙura ta lulluɓe ta.

"Ita ce waccan?"

"Ita ce, Papá."

Ya daɗe yana kallonta. Leɓɓansa suka motsa sau biyu kafin maganar ta fito.

"Ɗauko ta. Je ki baranda, ta wajen da iska ba ta bugowa, ki buɗe ta sosai yadda ruwan zai gani."

Arlinda ta miƙe ta ciro lemar daga ƙusa. Ƙarafunanta sun yi tsatsa, sai da ta sa ƙarfi. Mutum saba'in suka bi ta da ido har bakin ƙofa, kuma babu wanda ya yi dariya, har Nha Bibinha.